Tsadar Sabunta Injin Motar Gudu: Aiki Ake Saya Ko Suna?

Idan injin Porsche 911 ya buga, mai motar kan kira gareji uku ya ji farashi uku da ba su ko haɗa hanya ba. Na farko ya faɗi kuɗi nan take, na biyu ya ninka shi, na uku kuwa ya ce shi ba ya yanke farashi sai ya kwance injin ya gani da idonsa, kuma ko kwancewar ma sai an bi layi na watanni. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, na ukun nan shi ne wanda aiki ya yi wa yawa. A Amurka ba abin mamaki ba ne a ce sabunta irin wannan inji wurin ƙwararru ya haura dala dubu 20, alhali akwai shekarun da da wannan kuɗin za ka sayi 911 ta gwanjo ƙirar 996 sukutum, da injinta da tayoyinta.

Da farko dai, su ukun nan ba aiki ɗaya suke yi wa kuɗi ba. Wani abin da yake nufi shi ne ya taɓa saman injin kawai: ya cire kan silinda, ya gyara bawul da mazauninsu, ya sa sabon ringi da gaskit, ya rufe. Wani kuma zai raba injin har ƙashinsa, ya fitar da kiranshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa, ya duba ko akwai tsaga, ya auna kowane rami da kowane sanda, ya mayar da abin da ya kauce zuwa ma'aunin masana'anta. Dukansu in sun gama za su miƙa maka inji mai sheƙi, an wanke an fesa fenti, ya tashi da bugu ɗaya. Ranar karɓa ba ka iya bambanta su.

Kowane inji kuma da cutarsa, cutar ce ke yanke yawancin kuɗin. Ɗauki tsohuwar 911 mai sanyaya inji da iska, wadda aka daina ƙerawa a 1998. Silindarta shida kowace daban take, kowace da kanta, an ɗaure su da dogayen kusoshi 24 da suka shiga cikin gangar injin. A ƙirar lita 2.7 ta 1974 zuwa 1977 gangar ta magnesiyam ce, ƙarfe mara nauyi amma mai laushi, zafi da shekaru kan sa kusoshin su tumɓuke haƙoran ramukansu, gangar kanta ta ɗan karkace. Gyaranta sai an dasa sababbin haƙora a ramukan, an daidaita fuskokin ɓangarorin biyu, an sake huda hanyar kiranshaf ta miƙe. Da aka koma gangar alminiyam a ƙirar SC mai lita 3.0, sai cutar ta sauya: maimakon kusa ta tumɓuke, sai ta karye. Wanda bai san wannan tarihi ba zai haɗa injin tsaf, ya mayar da tsofaffin kusoshi don a ido lafiyarsu ƙalau, bayan shekara biyu mota ta fara wata ƙara kamar salansa ta fashe.

Injin da ya gaje shi, mai ruwa, wanda ya fara a Porsche Boxster a 1996 sannan ya shiga 996, nasa ya fi ban haushi. Silindarsa a cikin gangar aka zuba ta, ba a cire ta a sa wata. Idan bangonta ya karce ko ya tsage, dole a rarake ramin a dasa sabuwar riga, aikin da kamfanoni ƙalilan irin su LN Engineering a Amurka da Hartech a Ingila suka yi suna a kai. Ga kuma boris ɗin nan na sandar tsakiya da ke juya sarƙoƙin kamshaf (mai buɗe bawul), wanda masu motar ke kira IMS. In ya watse, lokacin buɗewar bawul ya rikice, fistan ya doki bawul, ɓaraguzan ƙarfe su bi baƙin mai su zagaye ko'ina. Maganar ta kai kotu a Amurka, aka yi sulhu a 2013 kan motocin 2001 zuwa 2005, kuma Porsche ta cire sandar baki ɗaya a sabon injin da ta fitar wa ƙirar 2009.

BMW M3 mai V8 da M5 mai V10 su kuma an san su da cin metal ɗin konrod, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin sandar fistan da kiranshaf, injuna ne masu juyi sama da dubu 8 a minti. In an canja metal ɗin da wuri, daga ƙasa ake yi ba sai an sauke inji ba. In aka bari ya juya a mazauninsa, kiranshaf ya tafi. Mazda RX-7 da RX-8 ba su da fistan ma sam. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin gida mai rufin kurom. Kayansa kaɗan ne, haɗa shi ba ya cin lokaci, amma in rufin gidan ya ɓare galibi sai sabo. Saboda haka farashin injin guda na iya ninkawa daga abin da aka tarar a minti goma na farkon buɗewa.

To ina kuɗin ke tafiya? Mutane kan zaci haɗa injin ne aikin. Haɗawa ita ce ƙarshe, kuma ita ce mai daɗin ɗauka a bidiyo. Mafi yawan lokacin a wanki da awo yake ƙarewa. Tazarar da ke tsakanin metal da kiranshaf, inda baƙin mai ke ratsawa ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce kusan milimita 0.025 ga kowace milimita 25 ta kaurin sandar. In ta matse, metal ya ƙone. In ta buɗe, ƙarfin mai ya faɗi. Mai aikin kirki zai ɗaura, ya auna, ya kwance, ya canja, ya sake ɗaurawa, wani lokaci sau uku kafin ya yarda. Zai cire matosan hanyoyin mai ya bi su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, don ƙwayar yashin goge silinda in ta maƙale a lungu, ita kaɗai ta isa ta cinye sabon metal. Duk wannan ba ya barin alama a waje. Wanda ya tsallake shi ya rage kwanaki daga aikinsa, kuma ba wanda zai sani yau.

A yi lissafi na misali. A ce aikin hannu ya ci sa'a 60, gareji na karɓar dala 150 a sa'a. Dala 9,000 ke nan, ba a sayi ko wosha ɗaya ba, ba a biya masu injin yankan ƙarfe ba, ba a sauke injin daga mota ko mayar da shi ba.

Kayan gyara su ma da dalilin tsadarsu, dalilin kuwa yawa ne. Kamfanin General Motors ya fara ƙera ƙaramin V8 na Chevrolet a 1955, zuwa 2011 ya fitar da guda miliyan 100. Porsche kuwa sai 2017 ta cika 911 miliyan ɗaya, bayan sama da shekara hamsin, kuma an rarraba wannan adadi a kan injuna iri-iri da kayan wani ba ya shiga wani. Mai ƙera fistan ɗin Chevrolet yana sayar da dubbai, ga abokan gasa ta ko'ina. Mai ƙera silindar 911 ta shekarun 1970 kuwa ɗaruruwa yake yi, ya ajiye su suna jiran mai buƙata. Ga rufin bangon silinda irin Nikasil, wanda kamfanin Mahle ya ƙirƙiro a shekarun 1960, da Alusil, da Lokasil, waɗanda ba a goge su da dutsen da ake goge silindar baƙin ƙarfe. Makaniken da ya saba da injin talakawa in ya sa musu dutsensa, ya lalata su ke nan.

Sai kuma kalmar da ta fi kowace cin aljihun mai mota: “tunda an riga an buɗe.” Tunda an buɗe, a canja kulochi. Tunda an buɗe, a sa sababbin sarƙoƙi da matsansu, a canja tiyon mai, a gyara nozul. Wasu daga ciki dole ne. Injin da metal ɗinsa ya watse, in ba a canja kular mai ba ko a wanke tankin da tiyoyin sarai, ɓaraguzan da suka kwanta ciki za su dawo su kashe sabon aikin. Wasu kuwa sha'awa ce zalla: a ƙara faɗin silinda, a sa kamshaf mai zafi, a goge murfi ya yi ƙyalli. A nan ba koyaushe garejin ne ke da laifi ba. Sau da yawa mai motar ne da kansa yake ƙara kaya a daren da ya kasa barci yana duba hotunan injin wasu, sannan in takardar kuɗi ta zo ya ce an zalunce shi.

Akwai hanya biyu ta yanke farashi, kowace da inda take cizo. Garejin da ya ce ga kuɗi ƙayyadadde, ko me aka tarar, inshora ya sayar maka a ɓoye. Ya san cikin injuna goma wasu za su zo da kiranshaf mai tsaga, sai ya raba wannan asarar a kan kowa. Mai lafiyayyen inji ya biya wa mai ruɓaɓɓe. Galibi ma sukan karɓi kuɗin ajiya a kan tsohon injinka, ba za a mayar maka ba sai an tabbatar gangarsa da kiranshaf ɗinsa za su moru. Wanda ke lissafi da sa'a da kaya kuwa ya bar maka haɗarin a kanka. In ka yi sa'a ka biya kaɗan. Amma daga ranar da injinka ya zama tarkace cikin kwanduna a kan teburin wani, bakinka ya mutu a ciniki. Ba garejin da ke son karɓar aikin da wani ya kwance, wanda ya karɓa kuma sai ya sake awon komai daga farko, a kuɗinka. Ƙaramin farashin waya da ke kumbura bayan an buɗe, a wannan gaɓa yake samun ƙarfinsa. Shi ya sa dokar jihar Kalifoniya ta wajabta wa garejin mota ya ba da ƙiyasi a rubuce, kuma kada ya ƙara aiki sai da izinin mai mota.

A ganina na ukun nan, mai cewa sai ya buɗe, shi ya fi kusa da gaskiya, muddin zai yanke kuɗin kwancewa da awo daban, ya ba ka rahoto, sannan ka zaɓi ci gaba ko ɗaukar kayanka.

Yanzu batun suna, wanda shi ne mai wuya. Masana tattalin arziki biyu, Michael Darby da Edi Karni, sun yi bayani a 1973 kan irin hajar da mai saye ba ya iya tantance ingancinta ko bayan ya yi amfani da ita, kuma gyaran mota na cikin misalansu. Sabunta inji ya fi kowane gyara shiga wannan layi. In ba ka iya ganin aikin, sai ka jingina da abin da mutane ke faɗa. Matsalar ita ce abin da mutane ke faɗa a wannan harka yana zuwa a makare, kuma a karkace.

A makare, don motocin nan ba a hawansu kullum. Yawancinsu ƙarshen mako ake fitar da su, a ƙasashen sanyi ma sukan kwana a rufe duk hunturu. Injin da aka yi wa aikin gaggawa yana iya yin kilomita dubu 20 kafin ya nuna halinsa, wannan kuwa ga irin waɗannan motoci shekara biyar ne ko fiye. Kafin nan an sayar da motar, garanti ya ƙare tuntuni, sabon mai ita bai ma san wanda ya yi aikin ba. Yabon da ake rubutawa kuwa a makon farko ake rubuta shi, lokacin da mutum ke cikin murnar jin ƙarar motarsa bayan wata takwas. Wannan yabo shaida ne cewa injin ya tashi, da cewa an amsa wayarsa da fara'a. Bai ce komai a kan metal ba.

A karkace kuma, don kusan kowa na da dalilin yin shiru. Wanda ya biya maƙudan kuɗi ba ya son a ce an yi masa sakiyar da ba ruwa. Fiye da haka, rasit ɗin shahararren gareji kadara ce: ranar sayar da mota shi za a fara nunawa, yana ƙara mata daraja. Mai motar da ya fito ya ɓata sunan garejin, kuɗin motarsa yake zubarwa. Wanda injinsa ke kwance a can yana jira shi ma ba zai yi magana ba, kada a mayar da shi ƙarshen layi. Sai a wayi gari waɗanda ke ɗaga murya su ne waɗanda suka riga suka yanke ƙauna, su kuma labarinsu ɓangare ɗaya ne. In sabon inji ya mutu, masu hannu a ciki da yawa: wanda ya haɗa, wanda ya ɗora a mota, wanda ya taɓa kwamfutar injin ya ƙara masa wuta, da direban da ya sa giya ta biyu yana nufin ta huɗu. Kwamfutar Porsche tana ajiye tarihin duk lokacin da inji ya wuce iyakar juyinsa, har ta kasa shi mataki-mataki, kuma gareji zai fara duba wannan kafin ya saurari ƙorafi. Mai ƙorafin a intanet da wuya ya ambaci abin da aka gani a ciki.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kofunan tsere da ke jere a ofishin gareji. Kofi shaida ce ta iya fitar da ƙarfi, ba shakka. Amma injin tsere da sa'o'i ake ƙirga rayuwarsa, an san za a sake buɗe shi a ƙarshen kakar tsere, ba ya tashi da sanyin safiya, ba ya tsayawa a cunkoso. Injin titi ana so ya yi shekara goma ba ya shan mai ba ya ɗiga. Akwai masu iya biyun, amma ɗaya ba ya tabbatar da ɗayan.

Suna kuma yakan daɗe fiye da hannun da ya gina shi. Gareji ya shahara saboda mutum ɗaya, ya tsufa ko ya sayar da wurin, allon na nan da sunansa, farashin na nan har ya ƙaru, masu haɗa injin yanzu wasu ne. Manyan kamfanoni sun gane darajar wannan: AMG, sashen motocin gudu na Mercedes da ke Affalterbach a Jamus, tana liƙa ƙaramin allo da sa hannun wanda ya haɗa injin V8 ɗinta, Nissan ma haka ta riƙa yi wa injin GT-R a Yokohama. A ƙaramin gareji tambayar “wa zai haɗa nawa?” ba rashin kunya ba ce, ko da an ɗan ɓata rai.

Dogon layi shi ma ana ɗaukarsa shaidar nagarta, kuma sau da yawa haka ne: mutum ɗaya mai awo da hannunsa injuna nawa zai iya gamawa a shekara? Maimakon ya ɗauki yaran da bai yarda da su ba, sai ya bar layi ya yi tsawo. Amma daga waje, garejin da aiki ya yi wa yawa da garejin da kuɗi suka ƙare masa kamarsu ɗaya: duka biyu suna cewa wata mai zuwa. Na biyun da kafin alƙalamin sabon abokin ciniki yake sayen kayan tsohon aiki, in sababbi suka daina zuwa, injunan mutane su maƙale a ciki. Alamar da ta fi bambanta su ita ce yadda ake karɓar kuɗi. Biya kashi-kashi, kowane kashi da hoton aikin da aka kai da rasit ɗin kayan da aka saya, ya bambanta da a ce kawo rabi yau a kan aikin da ba za a taɓa ba sai baɗi. A Birtaniya sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya sa kamfanin katin bashi ya raba alhaki da mai sayarwa a cinikin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000, shi ya sa masu wayo a can ke biyan wani ɓangare da katin.

Akwai wani wuri da nake ganin ya kamata a yi hattara ko da da mutanen kirki. A wannan harka, wanda ya fi kowa sanin cutar inji galibi shi ne ke sayar da maganinta. Ba ƙarya yake yi ba. Sai dai shi matattun injuna kawai yake gani, masu lafiya ba sa zuwa wurinsa. Alƙaluman da suka fito a shari'ar IMS sun nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu boris mai layin ƙwallaye ɗaya sun lalace, masu layi biyu kuwa ƙasa da kashi 1. Kashi 8 ba wasa ba ne ga abin da ke kashe inji ɗungurungum, amma mai jin yadda ake zancen zai ɗauka kowace mota gobe za ta fashe. Kafin a yarda a sauke inji akwai gwaje-gwaje masu araha: a hura iska cikin silinda a ga nawa ke zurarewa, a zura kyamara ta ramin filogi a kalli bangon, a yanka matatar mai a duba ɓaraguzai, a aika baƙin man ɗakin gwaji. Garejin da ya fara da waɗannan kafin ya ambaci dubban daloli ya nuna wani abu game da kansa.

Garanti kuwa sai an karanta shi da natsuwa. Na shekara ɗaya a kan motar da ba ta fita sai Asabar kusan ado ne. Mafi yawa sun cire hawa filin tsere, wanda don shi wasu suka sayi motar. Wasu na ɗaukar kayan ciki amma ba kuɗin sauke inji da jigilarsa ba. Kuma ƙarfin kowane garanti bai wuce ƙarfin aljihun wanda ya rubuta shi ba.

Darajar motar ita ma tana juya lissafin. Ga RX-8 ko tsohuwar Boxster, cikakken aiki wurin ƙwararre na iya fin kuɗin motar, don haka da yawa sukan sayi injin gwanjo su yi addu'a. Ga 911 ta farkon shekarun 1970 ko tsohuwar Ferrari kuwa, lambar da ke jikin gangar in ta dace da takardun masana'anta ita kanta dukiya ce. Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006 don ba da shaidar irin wannan asali. A nan sai a kashe kuɗin da ya fi na wata gangar don a ɗinke tsohuwar da walda, kuma lissafin ya fita.

Abin da ya fi suna amfani, in ana iya samunsa, takarda ce: jadawalin awon da aka yi kafin aiki da bayansa, silinda ɗaya bayan ɗaya, metal ɗaya bayan ɗaya, da sunan kamfanin kowane kaya, da sakamakon gwajin injin a kan na'urar auna ƙarfi kafin a ɗora shi a mota. Mai awo da gaske yana da waɗannan lambobi a rubuce don amfanin kansa, ba shi wahalar ba ka kwafi. Sai tambayar da ba a cika yi ba: wa ke yi muku yankan ƙarfe? Gareji kaɗan ne ke da injin huda ganga ko wurin yi wa silinda rufi a cikin gida. Yawancinsu aikawa suke yi, kuma a ƙasa guda masu iya yi wa gangar magnesiyam ko bangon Alusil aiki ba su da yawa, da dama cikinsu sun manyanta. Yakan faru gangar da ta fito daga gareji mai tsada da wadda ta fito daga mai rahusa su kwana a kan shiryayye ɗaya, suna jiran mutum ɗaya, kuma wata huɗu daga cikin wata takwas ɗin da aka ce ka jira, a can suka tafi.